Ɗorawa a Gonar Wani

Da sunan Allah nake buɗe wannan magana, shi ne ya san abin da muka riƙe da abin da ya kuɓuce mana.

A shekarun farko bayan an ba mu mulkin kai aka tura ni Zariya koyon shari'a. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Ikara. Da allo na fara, sannan na zauna gaban malamai a zaure, kuma da ajami na koyi riƙe alƙalami. Boko kuwa sai da gemu ya fara tsiro mini na same shi a ajin manya. Saboda hannuna yana da kyau aka ɗauke ni aikin kwafe takardu a kotu. Da sababbin dokoki suka zo, aka ce a horar da ma'aikatan kotuna, sai sunana ya shiga cikin masu tafiya. Mahaifiyata ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli a tsumma, mahaifina ya raka ni har bakin hanyar mota, yana ta maimaita mini cewa kada in yi wasa da sallar asuba.

A makarantar mun kasu biyu, ko da yake babu wanda ya raba mu. Akwai 'yan midil, waɗanda suka fito daga makarantar boko, masu gajeren wando da Turanci a baki, akwai kuma mu 'yan zaure, masu manyan riguna, waɗanda in malami ya yi magana sai mun juya ta a zuci sau biyu kafin ta zauna. Ba su raina mu a fili ba. Amma in ɗayanmu ya tashi ba da amsa, sai ka ji ajin ya yi wani irin shiru na jira, kuma wannan shirun ya fi dariya ciwo.

A zango na biyu aka ce, ban da darussan da suka wajaba a kan kowa, akwai guda biyu da mutum zai zaɓi ɗaya da kansa. Na farko dokar filaye ce irin ta Turawa, wani Bature ne ke koyar da ita da safe, da littafi mai jan bango. Na biyu kuwa al'adun gonaki ne na ƙasarmu: aro, da jingina, da gado, da iyaka, da hurumi. Wani tsohon malami ne ke ba da shi bayan azahar, lokacin da zafi ke sa kowa gyangyaɗi, kuma ba shi da littafi, daga ka yake yi. Abokan zamana 'yan zaure duk suka tafi wurin tsohon. Ni kaɗai na rubuta sunana a wurin Baturen. Na ce a raina, ni da aka haifa a bakin kunya, me za a koya mini game da gona? Gaskiyar kuwa ita ce, so nake in zauna cikin 'yan midil a ga ni ma na iya.

Na sha wuya a darasin, amma na haddace abin da na haddace. Baturen ba shi da laifi. Sau da yawa yakan ɗaga yatsa ya ce wannan dokar ƙasarsu ce, kada mu ɗauke ta mu kai ƙauye. Sai dai ni kunnena ya fi kama ƙa'idojin da ke da daɗin faɗa. A cikinsu akwai wadda na fi so, saboda gajarta da ƙarfinta: duk abin da ya kafu a ƙasa, na mai ƙasar ne.

Da zangon ya ƙare aka rarraba mu kotuna, kowa ya je ya zauna wata uku a gaban alƙali ya ga yadda ake aikin da hannu. Ni aka mayar da ni wajenmu, kotun wani alƙalin gunduma. Ba zan faɗi garin ba. Ya isa a ce ranar kasuwar Makarfi muna jin wucewar motocin rake tun hantsi, kuma masu ƙara sukan zo mana daga ƙauyuka har wajen Dandamisa da Likoro.

Bazara ce. Kotun wani soro ne mai kauri, sanyi a ciki kamar randa. Alƙalin tsoho ne siriri, gwiwarsa ta dama ta daina yi masa biyayya, sai an kama shi yake hawa dakalin da ake shimfiɗa masa buzu. Ba ya gaggawa. Mai ƙara zai durƙusa da zafinsa, shi kuwa sai ya fara da gaisuwa: ina gajiya, ina iyali, yaya tsohonka, rijiyarku ba ta ƙafe ba? Kafin a zo kan magana rabin fushin ya huce. Yakan ɓare goro ya raba shi gida huɗu, ya ci ɗaya, ya jera ukun a gefen buzu, kuma mun san in na ukun ya tafi hukunci ya kusa. Ni wurina yana ƙasa ta hagunsa, da tawada da takarda. Ba da sunana yake kirana ba, sai dai ɗan makaranta. Har yau in na rufe ido ina jin kukan kurciya a kan katangar nan, da ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa kafin a buɗe zama. Ban taɓa samun wurin da raina ya kwanta da aiki kamar nan ba, kuma ban san haka ba sai da na bar shi.

A wata na biyu, wata safiya, wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda. Ƙanƙanuwa ce, baƙa, kuma tun kafin ta zauna warin daddawa ya riga ta isowa. Sana'arta ke nan, kowa a kasuwannin yankin ya san daddawarta. A bayanta wani saurayi ne dogo, da agogo a hannu. Shi ta kawo ƙara.

Bayan gaisuwa ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ba gona na zo nema ba. Gona tasu ce. Ubana ya sayar wa ubansa tun ina goyon fari. Amma ranar cinikin, a gaban mutane, ya ce ban da ɗorawa, ɗorawa ta 'yata ce. Tun daga ranar ni nake kaɗe ta. Uban yaron nan, Allah ya ji ƙansa, ko ganye bai taɓa tsinka ba sai ya aiko. To, bara ya rasu. Yanzu wannan ya dawo daga Kaduna da shanu biyu, wai zai sare ta."

Alƙali ya juya ga saurayin. "Kai kuma fa, samari?"

"Allah ya gafarta Malam, ni ban ƙi Inna ba, uwa ce. Amma auduga nake so in shuka, kuma da garmar shanu zan yi. Itacen nan a tsakiyar gonar yake. Inuwarsa ta cinye wuri mai yawa, saiwoyinsa kuma sun bazu, garma ba ta wucewa. Na ce mata ta ɗebi na bana, ta haƙura. Ta ƙi."

"In ɗebi na bana, baɗi kuma in ci audugarka?" in ji tsohuwar. "Ko ita ake sa wa a miya a Kadunan?"

Mutane suka yi dariya, har saurayin ya murmusa. Ba mugu ba ne. Ya yi shekaru a masaƙa, ya dawo ya tarar da ƙanne da uwa a wuyansa, yana son gonar ta ba da abin da ba ta taɓa bayarwa ba. Ita kuwa mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza biyu ƙyanda ta ɗauke su tun suna ƙanana, 'yar da ta rage tana aure can nesa. Kalwar itacen nan ita ce cinta da suturarta.

Alƙali ya ce a dawo bayan kwana bakwai da waɗanda suka halarci cinikin, in akwai masu rai, kuma kada kowa ya taɓa itacen kafin nan. Da suka fita ya dube ni.

"Ɗan makaranta, gwiwata ba za ta kai ni ba. Gobe ka hau keke ka je ka gano mini ɗorawar. Ka ga inda take, da girmanta, da inda iyaka ta bi. Ka tafi da idonka da kunnenka. Bakinka kuwa ka bar mini shi a nan, in ka dawo ka ɗauka."

Na ce to, ina dariya, don na ɗauka raha ce.

Washegari na isa ƙauyen da hantsi. Mai unguwa ya tarbe ni da ruwan fura, sannan muka fita tare da tsohuwar da saurayin. Tun daga nesa na hango ta. Ban ga ɗorawa irinta ba, kafin nan ko bayan nan. Mutum uku ba za su zagaye gindinta da hannu ba. An share gonaki ko'ina, ƙasa ta yi fari tana jiran ruwa, ita kaɗai ce kore a tsakiyar fili, 'ya'yanta sun sauko tuli-tuli kamar an rataye su da gangan. Da muka shiga inuwarta sai na ji kamar an zuba mini ruwa a ka.

Tsohuwar ta dafa gindin, ta dube ni sama da ƙasa. "Au, wannan ne alƙalin ya aiko mini? Kai, angona, wa ya yi maka wankin rigar nan? In ka aure ni ba za ka ƙara fita haka ba."

Na ce, "Inna, ai sadakinki ya fi ƙarfina."

"Sadakina ka rubuta gaskiya a takardar nan, shi ke nan an ɗaura."

Ta shiga nuna mini. Wancan reshen na gabas shi ke fara nuna, saura kamar kwana goma. Na yamma yakan makara, amma kalwarsa ta fi cika. Ga inda aradu ta taɓa tsage ta shekarar da fara ta cinye gonaki, ta warke. Garin ɗorawar tana sayar wa masu kunu, ɓawon kuma ta jiƙa ta yi makuba, rabin ɗakunan ƙauyen da makubarta aka yi musu daɓe. Mai unguwa yana gyaɗa kai. Na auna da taki daga gindin zuwa gambar da ke kan iyaka ta kowace fuska, na rubuta. Saurayin ma ya nuna mini saiwoyin da suka fito sama, da bakin garmarsa da ɗaya ya lanƙwasa. Shi ma gaskiya ya faɗa.

Da rana ta take, tsohuwar ta ce ta bar kalwa a wuta, ta juya gida, mai unguwa ya bi ta. Saurayin ya karɓi kekena ya ce zai tura mini zuwa bakin hanya. Muna tafe yana ba ni labarin Kaduna, yana jefa Turanci nan da can, ni ma ina mayar masa da ɗan abin da nake da shi. Na ji daɗin hirar. Sa'ana ne, kuma shi ne mutum na farko a yankin da ya tambaye ni abin da ake koya mana.

Da muka kai hanya ya tsaya. "Malam, kai ka yi karatun zamani. Su Baba alƙali nasu na da ne. Tsakaninka da Allah, sabuwar doka me ta ce a kan irin wannan?"

Na ce, "Ni ba alƙali ba ne."

"Na sani. Ilmi kawai nake nema."

Da na hau kekena a nan, da ban rubuta wannan ba. Amma kalmar ilmi ta shige ni. Na gyara tsayuwa na ce, a littafi dai, duk abin da ya kafu a ƙasa na mai ƙasar ne. Har na ƙara faɗa masa da Turanci, yadda na haddace, don ya san ba ƙirƙira na yi ba. Ya maimaita a hankali. Ya yi mini godiya, ya riƙe mini keke na hau. Duk hanyar dawowa ina jin kaina kamar wani abu.

Na kai wa alƙali abin da na gani da abin da na ji. Abin da na faɗa kuwa ban kai masa ba, don ban ɗauke shi komai ba.

Kwana biyu bayan haka, muna tsakiyar wata shari'ar shanu da suka shiga rake, sai ga tsohuwar a bakin ƙofa. Ta jira har aka gama. Sannan ta shigo ta durƙusa, ta ajiye wani ɗan reshe a gaban dakali, da 'ya'yan ɗorawa ɗanyu a jikinsa. Ba ta yi kuka ba.

"Allah ya gafarta Malam, na zo in janye ƙarata. Babu sauran abin da za a yi shari'a a kansa."

Ta ce jiya tun da sassafe saurayin ya kawo masu gatari huɗu daga wani gari, don babu wanda zai yarda a ƙauyensu. Sai bayan la'asar ɗorawar ta faɗi. Tsohuwar ta ce tana cikin gida ta ji ƙasa ta motsa.

Alƙali ya aika ɗan doka ya zo da shi. Ya shigo ba tare da tsoro ba, ya gaida kowa.

"Ban ce kada a taɓa itacen ba?"

"Ka faɗa, Allah ya gafarta Malam. Amma malamin kotu da ka aiko ya ce a sabuwar doka nawa ne. Ga hadari ya fara haɗuwa, na ga in na jira ruwa zai riga ni. Na ɗauka maganarsa maganarka ce."

Ban san soron nan yana da mutane da yawa haka ba sai da duk suka juyo gare ni. Alƙali bai juyo ba. Yana duban reshen da ke gabansa ya ce, "Ɗan makaranta, ka faɗa?"

Na so in ce na gaya masa ni ba alƙali ba ne. Na so in ce a littafi na ce. Amma tsohuwar tana kallona, ba da fushi ba, da irin kallon da ake yi wa wanda aka ba ajiya. Na ce, "Na faɗa."

Alƙali ya ɗago kai daga reshen. Sannan ya ce wa tsohuwar ba a janye wannan ƙarar. "Za a yi shari'ar nan kamar ɗorawar tana tsaye. Ranar da na sa tana nan."

Ranar ta zo. Aka kawo tsofaffi biyu da suka halarci cinikin, ɗaya makaho ne, a kan jaki aka ɗauko shi. Kowannensu ya faɗi abu ɗaya: an sayar da ƙasa, an ware itace. Mai unguwa ya ƙara da cewa a ƙauyensu kaɗai akwai itatuwa da yawa haka, gona ta wani, kuka ko tsamiya ko ɗorawa ta wani, kuma ba a taɓa jin rigima ba. Ni ne na rubuta duk wannan da hannuna. Alƙali ya yanke cewa ɗorawar ta tsohuwar ce tun ranar da ubanta ya faɗa, kuma an sare ta ba bisa haƙƙi ba. Itacen da ke kwance nata ne. Saurayin yana da wata ɗorawa da ya gada a wata gonarsu can bakin fadama, alƙali ya ce daga yau ta zama tata har ƙarshen ranta. Ya yi masa faɗa mai zafi a kan saɓa umarnin kotu, har saurayin ya sunkuyar da kai yana share ido da hular da ya cire.

Alƙali ya tambayi tsohuwar ko ta gamsu.

Ta ce, "Na gode, Allah ya ƙara wa Malam lafiya. An ce tawa ce. Dama abin da nake so in ji ke nan." Sannan ta ƙara da cewa, "Da an faɗa tana tsaye, da ya fi."

Bayan la'asar, da kowa ya watse, ya ce in zauna. Na zaci zai kore ni. Sai ya tambaye ni, a hankali, "A garinku babu mai itace a gonar wani?"

Nan take na tuna. Kakata ta wajen uba tana da tsamiya a gonar wani maƙeri. Ni kaina na sha bin ta da kwando, maƙerin yana noma a gefe, ba ya ko ɗaga kai. Na san wannan tun ban san alif ba. Na gaya masa haka.

Ya tambayi abin da na karanta a Zariya, na faɗa masa yadda aka ba mu zaɓi da wanda na ɗauka. Ya ce in maimaita masa ƙa'idar, na maimaita. Ya jinjina kai.

"Magana ce mai kyau. Littafin bai yi ƙarya ba, labarin ƙasarsu yake bayarwa. Ba karatunka ne ya sare itacen nan ba, ɗan makaranta. Duk wanda ya fito daga ƙofar nan da takarda a hannu, mutanen ƙauye ba sa jin muryarsa, tawa suke ji. Ni ma da laifina, da ban bayyana maka ba sai da wasa." Ya miƙo mini ɓarin goro. "Gobe za a damƙa mata ɗaya itacen. Kai za ka wakilce ni. In an gama ka nemi gafararta. Ni ba ni da ikon yafe maka abin da ba nawa ba."

Da daddare aka yi ruwan farko. Da safe ƙasa ta yi laushi, keke yana nutsewa, sai da na tura shi rabin hanya. Na tarar da ita a ƙofar gida ta shirya, da sandarta. Muka kama hanyar fadama, ni da ita da mai unguwa, saurayin yana gaba nesa da mu, ya kasa haɗa ido da kowa. Tafiyar da nisa. Sau uku tana tsayawa ta huta, ta dafa kafaɗata. Da muka isa ta zagaya itacen sau ɗaya. Matashiyar ɗorawa ce, ba laifi, tana da 'ya'ya daidai gwargwado. Ta tsinko ɗaya ta ɓare, ta duba kalwar a tafin hannunta.

"Za ta yi kyau," in ji ta, "nan da shekara ashirin."

Mai unguwa ya yi shelar abin da kotu ta yanke, saurayin ya amsa, aka shafa fatiha. A hanyar dawowa ta ce mu bi ta tsohuwar gonar. Mai unguwa ya so ya hana, ta ce ƙafarta ce ta saba.

Ban gane wurin ba da farko. Fili ne fetal, rana ta ko'ina. An janye rassan gefe, gangar jikin tana kwance kamar katangar da ta rushe, ɗanyun 'ya'yan sun zube cikin laka sun fara baƙi. Kututturen yana nan, faɗinsa ya kai tabarma. Ta hau ta zauna a kansa, ta ajiye sanda. Na durƙusa a gabanta cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa na ce, "Inna, ni na jawo miki. Ki yafe mini don Allah."

Ta dube ni ta daɗe. "Tashi, kada ka ƙara ɓata rigar. Na yafe maka duniya da lahira. Yaro ne kai, an tambaye ka, ka ji daɗi." Ta shafa saman kututturen da tafin hannu, a hankali, kamar mai lallashin jariri. "Ubana a nan yake ajiye ni in yana noma. Ni ma a nan na ajiye nawa, duka ukun. Ka ga, in na zo nan, ba ni kaɗai nake zuwa ba. Can fadamar kuwa ban san kowa ba."

Saurayin ya juya baya. Can ta miƙo hannu na tashe ta, muka raka ta gida. A bakin ƙofa ta ce in gaida alƙali, in ce masa ya riƙa shafa man shanu mai ɗumi a gwiwar.

Watan da ya rage na yi shi a gefen dakalin nan, bakina a rufe. Alƙali bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, kuma bai rage mini komai na sakin fuska ba. Ranar da zan koma Zariya ya sa aka kama shi ya miƙe tsaye, ya yi mini addu'a doguwa. Ban sake ganinsa ba.

Bayan shekara biyu na haɗu da mai unguwar a kasuwar Makarfi, wajen masu mazarƙwaila. Muka gaisa, na tambaye shi Inna. Ya ce tana nan. Bazara ɗaya ta je fadamar, ta dawo ta kwanta kwana uku, daga nan ta bar wa matar maƙwabcinta ta riƙa kaɗewa suna rabawa. Daga baya ma ta daina daddawar gaba ɗaya, ta ce kalwar ba ta jin hannunta. Saurayin yana aika mata dawa duk kaka, ba wanda ya sa shi. Mai unguwar ya ce takan tambaya ko angonta ya zama alƙali.

Na ce ya gaya mata ina nan zuwa. Da gaske nake. Ƙauyen bai fi tafiyar awa ɗaya a keke ba daga inda muke tsaye, kuma rana ba ta yi ba tukuna. Amma na ce sai na sami abin kirki da zan riƙe mata, turmin atamfa ko bargo, kada in je hannu sake. Kafin in shirya aka yi mini canjin wurin aiki zuwa can kudancin lardi. Da na dawo hutu na tambaya, aka ce an yi arba'in ɗinta.

Na yi shekaru masu yawa ina zama a kan buzu ni ma, mutane suna durƙusawa a gabana. Da yawansu na manta fuskokinsu. Ita kuwa ina sa ta a addu'a tare da iyayena, ko da yake ban taɓa riƙe sunanta na yanka ba, Inna kawai na sani. Ina roƙon Allah ya ba ta inuwa wadda ba mai sare ta, ya haɗa ta da waɗanda ta saba tararwa a can gindin. In kuma ya ƙaddara ya yi mini rahama, ya bar ni in kai mata gaisuwar da ban kai ba.